Kafin Laburare Ya Biya Kuɗin Littattafan Intanet: Makaho Zai Iya Shiga?

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, don wanda bai samu saurare ba, da wanda ya ji amma yake son ya ajiye a rubuce.

Maganar ita ce: idan ɗakin karatu, wato laburare, ko bibliyotek kamar yadda 'yan lakwal ke cewa, ya fitar da kuɗi ya sayi damar karanta littattafai ta intanet daga wani kamfani, wa ke duba ko makaho, ko kurma, ko wanda hannunsa ya shanye zai iya amfani da abin? Sau da yawa babu mai dubawa. Ana kallon yawan littattafai da farashi, a sa hannu. Sai bayan an biya ake gano cewa akwai masu karatun da aka bari a waje. Wannan shi Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Mun ɗauki unguwar Zongo ta Wagadugu a matsayin ma'auni, amma darasin na kowa ne.

Abin da laburare ke saya a yau

A da, laburare na sayen littafi ya ɗora a kanta, ya zama nasa har takardun su tsufa. Yanzu galibin mujallun bincike da littattafan jami'a haya ake yi. Kamfani na ajiye su a na'urorinsa da ke Turai ko Amurka, laburare ya biya kuɗin shekara, a ba ɗalibai lambar shiga. A ƙasashe masu amfani da Faransanci an fi jin sunayen Cairn da ScholarVox. A Najeriya da Ghana an fi sanin JSTOR da EBSCO. Akwai kuma Research4Life, haɗin gwiwar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da masu buga mujallu, wanda ya faro da shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, yana ba makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dama kyauta ko a kan kuɗi kaɗan.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan matakalar ginin laburare ta hana mai keken guragu shiga, shugaban laburare zai iya kiran magini a yi gangara. Amma shafin kamfani ba nasa ba ne. Ba zai iya canza ko maɓalli ɗaya a ciki ba. Ƙarfinsa na nan ne a wuri ɗaya tak: lokacin da kuɗin ke hannunsa, kafin ya sa hannu a takarda. Da zarar ya biya, sai roƙo.

Me ya sa muka zaɓi Zongo

Tsofaffin Wagadugu sun san Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar birni, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar zango. A 2003 aka rushe ta tare da wasu unguwanni maƙwabta domin aikin ZACA, aka ba mutane filaye a wajen Ouaga 2000 da Nioko, wasu kuma suka watsu cikin gari. Unguwar da ake kira Zongo a yau tana yammacin birni, kuma babban ɓangarenta ba a yanka filaye bisa tsari ba. Jami'ar Joseph Ki-Zerbo da babban laburarenta suna Zogona, ta gabas. Ɗalibin da ke kwana a Zongo sai ya ratsa birnin kafin ya isa, kuma kowa ya san Wagadugu garin babura ne. Mai ido zai hau babur ɗinsa ya tafi. Makaho sai ya jira wanda zai ɗauke shi.

Kun ga ke nan, ba wanda laburaren intanet ya fi yi wa amfani kamar wannan ɗalibi, domin shi ne zai kawo masa littafi har ɗakinsa. Idan kuwa shafin bai karɓe shi ba, an rufe masa ƙofa biyu: ta gini da ta waya.

Wagadugu ba baƙuwa ba ce ga maganar makanta. A nan ne aka kafa hedikwatar shirin yaƙi da makantar kogi na Afirka ta Yamma a 1974, wanda ya yi aiki har 2002. A unguwar Gounghin akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa, UN-ABPAM, da makarantarta ta yara makafi. Mu Hausawa kuma muna da tsohuwar sarautar Sarkin Makafi a garuruwanmu. Sai dai 'ya'yan makafin yau da jikokinsu, da waɗanda lalurar ta same su da rana tsaka, ba bara suke nema ba. Digiri suke nema, da aikin ofis, da koyarwa.

Yadda makaho ke karatu da na'ura

Wasu masu sauraro za su ce, to yaya ma makaho zai yi karatu a kwamfuta? Akwai manhaja da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka faro a 2006, kuma kyauta ce. Akwai JAWS, ita ta kuɗi ce. A wayar Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, duk suna zuwa a cikin wayar.

Amma wannan manhaja rubutu take karantawa, ba ta ganin hoto. Idan kamfani ya ɗauki hoton shafukan littafi ya jera su a fayil ɗin PDF, mai ido zai karanta lafiya lau, ita kuwa manhajar shiru za ta yi, kamar an miƙa mata farar takarda. Haka kuma idan maɓallin saukar da littafi ɗan zane ne kawai ba a sa masa suna ba, abin da makaho zai ji shi ne "maɓalli, maɓalli, maɓalli", bai san wanne ne na bincike, wanne ne na fita ba.

Doka ta buɗe ƙofa, amma ba ta gyara shafi

A ranar 27 ga Yuni 2013 aka ƙulla Yarjejeniyar Marakesh a ƙasar Maroko, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 2016. Mali ta amince da ita tun 2014, Burkina Faso da Najeriya suka bi a 2017. Yarjejeniyar ta ba laburare da ƙungiyoyin makafi izinin mayar da littafi zuwa rubutun makafi, ko sauti, ko manyan baƙaƙe, ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba. Ta kuma yarda a aika irin wannan kwafi daga wata ƙasa zuwa wata. Wato littafin Hausa da aka mayar sauti a Kano zai iya zuwa hannun makaho a Wagadugu bisa doka. Ban da wannan, Burkina na da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2010, Najeriya kuma ta sa hannu a kan tata a watan Janairu 2019.

Sai dai a lura: Marakesh magana take a kan kwafin littafi. Ba ta tilasta wa kamfanin da ke Paris ko Amurka ya gyara shafinsa saboda ɗalibin Zongo ba. Wannan aiki ya rage wa mai saye.

Ma'aunin da duniya ke amfani da shi

Akwai ma'auni da ake kira WCAG, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet. Bugu na 2.0 ya fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 a 2023. Ginshiƙansa huɗu ne: mutum ya iya tsinkayar abin da ke shafin ta ido ko kunne ko taɓawa, ya iya sarrafa shi, ya fahimce shi, kuma shafin ya yi aiki da na'urori iri-iri. Yana da matakai uku, A da AA da AAA. Na tsakiyar, AA, shi ne galibin dokoki ke nema, shi ya kamata laburare ya ambata da suna.

Kamfanonin Amurka kan miƙa wata takarda mai suna VPAT, inda suke bayyana ƙa'idojin da suka cika da waɗanda suka gaza. A Faransa akwai RGAA, mai sharuɗɗa 106. Doka ta wajabta wa hukumomin gwamnati da manyan kamfanoni su bayyana matsayinsu a shafinsu: ya cika duka, ko ya cika wani ɓangare idan ya kai kashi 50 cikin 100, ko bai cika ba. Sannan tun ranar 28 ga Yuni 2025 dokar Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta shafi littattafan lantarki da manhajojin karanta su. Wannan makami ne a hannunmu. Idan kamfani ya riga ya gyara littafi saboda kasuwar Turai, babu dalilin da zai sa ya turo wa Wagadugu tsohon fayil.

Amma jama'a, takardar VPAT kamfani ne ke cika ta da kansa. Mai talla ba ya kushe hajarsa. Don haka idan an kawo ta, a duba abu uku: yaushe aka rubuta ta, wane bugu na shafin aka gwada, kuma wa ya yi gwajin, ma'aikatan kamfanin ne ko wasu na waje? Takardar da ta shekara huɗu, ko wadda kowane layi aka rubuta "ya cika" ba tare da bayani ba, abar tuhuma ce. Wadda ta faɗi gazawarta dalla-dalla ta fi ta gaskiya.

Gwajin da kowane laburare zai iya yi

Kusan kowane kamfani na ba da lokacin gwaji kyauta kafin a biya. A nan ne aikin yake, kuma ba ya buƙatar injiniya. Yini ɗaya ya isa a gano manyan matsaloli.

Na farko, a ajiye linzamin kwamfuta gefe, a yi amfani da madannai kaɗai. Da maɓallin Tab da Enter, za a iya shiga, a nemi littafi, a buɗe shi, a fita? Ana ganin inda aka tsaya a kan allo? Idan aka maƙale a wani akwati aka kasa fita, to makaho da mai shanyewar hannu duk sun maƙale.

Na biyu, a kunna NVDA, a kashe allon ko a rufe shi da ƙyalle, a sake bin hanyar nan da kunne kawai. A fara tun daga ƙofar shiga, domin a nan ake yawan faɗuwa: wannan jarrabawa da ake cewa ka zaɓi hotunan da ke da mota ko fitilar titi don a tabbatar kai mutum ne. Idan babu wata hanya ta sauti ko makamanciyarta, makaho bai ma taka cikin gidan ba.

Na uku, a buɗe littattafai da dama, sababbi da tsofaffi, kada a tsaya ga wanda kamfani ya nuna a talla. A gwada ja a kan layi ɗaya a kwafe shi. Idan ya ƙi kwafuwa, ko dai hoto ne, ko an kulle shi. A duba ko ana iya tsallakawa daga babi zuwa babi, ko lambar shafi ta yi daidai da ta littafin takarda, domin ɗalibi zai buƙace ta idan zai kafa hujja a rubutunsa. Fayil irin na EPUB ya fi PDF sauƙin sarrafawa, sai a tambaya ko akwai shi.

Na huɗu, a ƙara girman rubutu ninki biyu. Ƙa'idar ta ce ya kai kashi 200 cikin 100 ba tare da wani abu ya ɓace ba. Wannan don masu raunin gani ne, da zabiya, da dattawan da idonsu ya fara gajiya, kuma sun fi makafi yawa nesa ba kusa ba. A duba launi ma: rubutu mai toka-toka a kan fari ba ya karantuwa a tsakar gida da rana.

Na biyar, bidiyo. Akwai rubutun abin da ake faɗa a ƙasansa don kurame? Rubutun daidai ne, ko na inji ne da ke cike da kure?

Na shida, lokaci. Wasu shafuka na korar mutum bayan 'yan mintuna idan bai taɓa komai ba. Mai saurare da kunne a hankali yake tafiya. Shafin na gargaɗi, ya ba da damar ƙara lokaci?

Duk wannan ma'aikacin laburare zai iya farawa. Amma hukuncin ƙarshe na masu abin ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gayyato ɗalibai makafi biyu ko uku, da kurma, da mai raunin gani, a ba kowa aiki na gaske: nemo maƙala a kan noman auduga, sauke ta, karanta shafi na biyar. A rubuta minti nawa ya ɗauka da inda ya tsaya. A Wagadugu ba sai an sha wahalar nema ba, Gounghin na nan. Kuma a biya su ladan aikinsu da kuɗin mai, don aikin ƙwararru suka yi.

Abin da ma'aunin Turai bai hango ba

Shafi zai iya cin jarrabawar WCAG a Paris ya faɗi a Zongo. Dalili uku ne.

Na ɗaya, waya da layi. Galibin ɗalibanmu ba su da kwamfuta a gida. Ƙaramar Android ce, da kuɗin data da ake saya kaɗan-kaɗan a Orange, ko Moov Africa, ko Telecel. Saboda haka a yi gwajin a irin wannan waya, da TalkBack, a cikin unguwa, ba a ofishin shugaba mai intanet mai ƙarfi ba. A duba megabait nawa buɗe littafi ɗaya ke ci. A tambaya kuma: ana iya shiga daga gida, ko sai an zo harabar jami'a? Idan sai an zo, amfanin ya ragu da rabi ga wanda tafiyar ce matsalarsa.

Na biyu, wuta. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Wagadugu, ko Yamai, ko Kano, ya san ɗaukewar lantarki lokacin zafi. Shafin da ba ya barin a sauke babi a karanta ba tare da intanet ba, ya bar ɗalibi a tsakiyar hanya.

Na uku, harshe. Tun gyaran tsarin mulkin da aka yi a ƙarshen 2023, harsunan ƙasa ne harsunan hukuma a Burkina Faso, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Nijar kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Ke nan rubuce-rubuce cikin Hausa, Mooré, Julanci da Fulatanci za su ƙaru a laburare. To a gwada: idan ka rubuta "ƙasa" ko "ɗalibi" a akwatin bincike, yana ganewa? Baƙaƙenmu masu lanƙwasa suna fitowa, ko ƙananan akwatuna ake gani? An sa wa littafin alamar harshensa? Idan ba a sa ba, manhaja za ta karanta Hausa da lafazin Faransanci, abin ya zama tatsuniya. Rubuce-rubucen ajami da ake ɗauka a hoto, irin waɗanda ke Gidan Arewa a Kaduna ko cibiyar IRSH a Yamai, su hoto ne zalla. Sai an haɗa su da rubutun da aka buga ko karatun murya kafin makaho ya amfana.

A rubuta a kwantiragi

Alkawarin baki na wakilin kamfani ba ya gyara komai. Abin da aka gano a gwaji a shigar da shi takarda. Kamfani ya amince da matakin AA na WCAG, a ambaci bugun. A jera matsalolin da aka gani da ranar da za a gyara kowace. Idan mai karatu ya buƙaci littafin da bai karantuwa, kamfani ya kawo kwafin da ya dace cikin kwanakin da aka ƙayyade. A rubuta ƙarara cewa babu abin da ke cikin kwantiragin da zai hana laburare amfani da haƙƙinsa na Marakesh. Sannan idan wa'adi ya cika ba a gyara ba, laburare na da ikon janyewa ko a rage masa kuɗi. Duk shekara kafin a sabunta, a sake gwajin, domin kamfanoni na canza fasalin shafi, abin da ke aiki bana ya lalace baɗi.

Wani zai ce, idan kamfani ɗaya ne ke da littattafan fa, ko kuma kyauta aka ba mu? Gaskiya ne, wani lokaci dole a karɓa. Amma a karɓa da ido buɗe: a sanar da masu karatu inda matsalar take, a sa ma'aikaci ɗaya da aka san sunansa wanda zai nemo musu kwafi ta wata hanya, misali ta shirin musayar littattafan makafi na ABC da hukumar WIPO ta kafa a 2014. A kuma rubuta wa mai kyautar abin da aka gani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ƙaramin laburare shi kaɗai ba ya girgiza babban kamfani. A Amurka manyan jami'o'i sun haɗa kai a ƙarƙashin Library Accessibility Alliance, suna biyan ƙwararru su gwada shafukan kamfanoni, su wallafa sakamakon kowa ya gani kyauta. Ma'aikacin laburare a Zariya ko Wagadugu zai iya duba can kafin ya fara nasa. Ghana na da haɗakar laburaren jami'o'i, CARLIGH, da ke ciniki da murya ɗaya. Kamfanonin da ke sayar wa Wagadugu su ne ke sayar wa Yamai da Bamako. Idan laburare ɗaya ya yi gwaji ya tura wa sauran sakamako, an rage wa kowa aiki, kuma kamfani zai ji magana ɗaya daga ƙasashe uku.

Ku kuma iyaye da ɗalibai, akwai naku. Idan makarantarku ta sanar da sabon laburaren intanet, ku je ku yi tambaya cikin ladabi: an gwada shi da makaho kafin a saya? Wa ya gwada? Idan ɗana ya kasa buɗe littafi, wa zai gani? Kuɗin da aka biya na jama'a ne, har da na iyayen wannan yaro.

Ma'aikatan laburare da ɗaliban da suka gwada waɗannan matakai shida, muna jiran saƙonninku ta hanyoyin da kuka saba, ku faɗa mana abin da kuka tarar. A shiri na gaba za mu duba yadda ake naɗar littafin Hausa a murya ta hanyar da mai saurare zai iya tsallakawa daga babi zuwa babi. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.